Waiwaye: Eriyar NASA da Zangarniyar Gindin Gawo

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da talabijin mai baƙi da fari ya san aikin juya eriya. A gidanmu ni ne da wannan aiki, don ni ne ƙarami cikin maza, kuma na fi kowa saurin hawa katanga. Eriyar tana ɗaure a kan wata doguwar gora a bayan ɗakin Baba. In aka yi iska da rana, bayan magariba ana kunna talabijin sai a tarar hoto ya watse kamar an barbaɗa gero a kan gilashin. Sai in ɗare katanga, in kama gorar da hannu biyu, in murza kaɗan. Daga cikin ɗaki Yaya zai ɗaga murya: "Bai yi ba!" In ƙara murzawa. "Ya fara! Ƙara kaɗan!" In ƙara. "Kai, ka wuce! Koma inda kake!" A lokacin ban san yadda sigina ke tafiya ba, ban ma san ta wace kusurwa tashar take ba. Iyakar sanina in taɓa kaɗan, in saurari hukunci daga ɗaki, in ya gyaru in riƙe, in ya ɓaci in koma. Kuma ba a taɓa kwana ba a ga hoto ba.

Gorar nan ce ta faɗo mini a rai ranar da na fara ganin hoton wata eriya da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba ran 22 ga Maris, 2006. Shirin sunansa ST5. Ƙananan taurarin ɗan'adam ne guda uku, kowanne nauyinsa kusan kilo 25, wato rabin buhun siminti. An ɗora su a kan roka mai suna Pegasus, wadda jirgin sama ke ɗauka a ƙarƙashin cikinsa ya sake ta a sama, aka tashi daga sansanin Vandenberg a Kalifoniya. Aikin da aka ba su na kwana 90 ne, su auna maganaɗisun da ke kewaye da duniya, a kuma gwada wasu sababbin na'urori a jikinsu. Cikin na'urorin akwai wata 'yar waya a lanƙwashe, wadda za ta zauna a tafin hannu har da sauran wuri. In ka gan ta sai ka ce yaro ne ya tsinci waya zai haɗa mota, ya murɗa nan ya murɗa can, aka kira shi cin abinci ya yar. Ba ta da kyan gani, ɓangarorinta ba su yi daidai da juna ba, kuma babu littafin injiniya da ya taɓa koyar da siffa irin tata. Ba mutum ne ya zana ta ba. Jason Lohn da Gregory Hornby da Derek Linden, waɗanda suka yi aikin a cibiyar Ames ta NASA, sun rubuta wa kwamfuta abin da ake so eriya ta iya, suka bar ta tana murza gora da kanta, sau dubbai bisa dubbai.

Ɗaya daga cikin tushen dabarar ya girmi wannan eriya da shekara 42, kuma babu kwamfuta a farkonsa. A 1964, a Jami'ar Fasaha ta Balin a Jamus, wasu ɗalibai, Ingo Rechenberg da Hans-Paul Schwefel, tare da abokinsu Peter Bienert, suna fama da matsalar yadda iska ke tokarar abin da ke ratsa ta. Suka haɗa faranti shida a jere, da gaɓa biyar a tsakani kamar fatar ƙofa, suka sa a cikin bututun gwajin iska. Kowace gaɓa tana iya tsayawa a matsayi 51. In ka ninka 51 da kanta sau biyar za ka sami 345,025,251. Yawan siffofin da farantan nan ke iya ɗauka ke nan. Wanda ya ce sai ya gwada kowace ɗaya, ko da minti guda yake yi a kan kowace, ba barci ba hutu, zai haura shekara 650 bai gama ba.

Abin da Rechenberg ya yi ya fi kama da jefa ƙuri'a. Ya samo wani allo mai jerin ƙusoshi, irin wanda ake sakin ƙwallo daga sama ta yi ta bugun ƙusa tana kaucewa dama ko hagu har ta faɗa wani gurbi a ƙasa. Gurbin da ƙwallo ta faɗa shi ke nuna yadda za a motsa gaɓa. Yawanci tana faɗawa tsakiya, sai motsin ya zama ɗan ƙanƙane, jefi-jefi ta yi gefe, a yi babban motsi. A motsa duka gaɓoɓin biyar lokaci ɗaya, a kunna iska, a auna tokarar. In ta ragu a riƙe sabuwar siffa, in ta ƙaru a koma ta da. Sun fara da farantai a murguɗe kamar tafiyar maciji, cikin gwaji 'yan ɗaruruwa suka miƙe suka zama shimfiɗaɗɗe. Kowa dai ya san shimfiɗaɗɗen faranti ya fi ratsa iska, da gangan suka zaɓi tambayar da aka san amsarta, don su ga ko makauniyar hanya za ta kai gida. Ta kuwa kai.

Bayan 'yan shekaru Schwefel ya ɗauko tambayar da ba a san amsarta ba. Bakin bututu ne da ruwan zafi ke fita ta cikinsa, yana fita wani sashe na komawa tururi, ana son ya fita da iyakar ƙarfin da zai yiwu. Lissafin gaurayen ruwa da tururi ya fi ƙarfin ilimin lokacin. Sai aka yanka zobba na ƙarfe masu faɗi daban-daban, ana jera su su ba da siffar bututun, ana musanya zobe, ana ƙara wani, ana cire wani, ana aunawa. Sun fara da siffar da littafi ya koyar, wadda ke tsukewa a tsakiya ta buɗe a gaba, ingancinta kusan kashi 55 cikin ɗari. Suka ƙare da wani abu mai kumburi da loko kamar jerin tuluna, ingancinsa ya doshi kashi 80. Sai daga baya masana suka zauna suna neman dalilin da ya sa yake aiki. Rechenberg kuma ya fito da wata ƙa'ida da har gobe ake koyarwa: in fiye da ɗaya cikin biyar na gwaje-gwajenka suna cin nasara, taka da faɗi, in ƙasa da haka ne, rage taku. Yaya bai karanta ta ba, amma ita yake nufi in ya ce "a hankali, ka kusa."

Na san akwai mai karatun da zai ɗaure fuska in ya ji cewa Turawa sun aro sunan wannan dabara daga ka'idar Darwin. Maganar asalin ɗan'adam ba ta shigo nan ba ko kusa. Shi kansa Darwin, a littafinsa na 1859, da masu kiwon tantabaru da dabbobin gida ya buɗe magana, wato da mutanen da ke zaɓen iri da hannunsu. Wannan kuwa aikin kakanninmu ne. Shi ya sa nake kiran abin dabarar zaɓen iri. Kwamfuta takan fara da tarin zane barkatai, ta auna kowanne da mudun da aka ba ta, ta ware waɗanda suka fi, ta yi musu barbara, ta ɗauki rabin wannan ta haɗa da rabin wancan, ta ɗan taɓa wani wuri da ka, sai ga sabuwar zuriya. A sake aunawa. Abin da manomi ke jira damina guda ya gani, ita tana yinsa cikin daƙiƙa. John Holland na Jami'ar Mishigan ne ya shimfiɗa wannan salo mai barbara a littafinsa na 1975, ɗalibinsa David Goldberg kuma ya yi digirinsa na uku a 1983 a kan tafiyar da bututun iskar gas da shi. Daga nan abin ya bazu: fukafukan jiragen sama, jadawalin masana'antu, har hancin jirgin ƙasan nan mai gudu na Japan, samfurin N700 da ya fara jigila a 2007.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na wani ɗan Ingila ne, Adrian Thompson, a Jami'ar Sussex a 1996. Kafin in ba da shi, bari in koma gonar kakana.

Lokacin girbi, kakana ba ya barin kowa ya ware masa iri. Da kansa yake bin gona yana duba zangarniya, wadda ta cika, ta yi tsawo, tsutsa ba ta taɓa ba, ya yanke ya ɗaure daban, ya rataye can sama a cikin rumbu. Wata shekara na ce zan taya shi. Na nufi gindin wani gawo da ke tsakiyar gonar, inda gero ya fi tsayi da duhu, na yanko zangarniyoyi guda huɗu, kowace ta kusa kai tsawon hannuna, na kawo ina murna. Ya karɓa, ya jujjuya su, ya murza ɗaya a tafinsa ya hure ƙaiƙayin. Ya ce, "A ina ka yanko?" Na nuna masa. Ya miƙo mini ya ce, "Sa su a damin ci. Wannan girman na gawo ne." Gawo, kamar yadda kowane manomi ya sani, da damina yake zubar da ganye, ya bar rana ta sauka a kan shuka. Da rani yake kore, shanu da awaki su kwanta a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Duk geron da ya faɗa wurin zai yi ƙiba, ko irin kirki ne ko na banza. Shi kakana tsakiyar jigawa yake zuwa, inda ƙasa ba ta yi wa kowa alfarma ba, ya nemi wadda ta cika duk da haka.

Thompson ya ɗauki wata ƙwayar lantarki ta kamfanin Xilinx, irin wadda ake iya sake tsara haɗin cikinta da umarni daga kwamfuta. Ya keɓe wani lungu nata mai gurbi goma tsaye goma kwance, gurbi ɗari ke nan. Abin da ya nema shi ne haɗin da zai bambance sauti biyu, ɗaya mai kaɗawa 1,000 a daƙiƙa, ɗaya mai 10,000. Bai ba shi agogon ciki ba, alhali da agogo injiniya zai ƙirga kaɗawar. Ya fara da zane 50 na barkatai. Kuma a kan ƙwayar ta gaske ake gwada kowane zane, a kan teburinsa, cikin ɗakinsa. Ɗaruruwan zuriya na farko shirme ne kawai ke fita. Wajen zuriya ta 4,000, bayan makonni ana aiki, sai ga haɗin da ke rarrabe sautukan nan tsaf.

Da ya buɗe ya duba yadda aka yi, sai kansa ya ɗaure. Gurbi ƙasa da 40 ne ke aikin, abin da injiniya zai ce ba zai yiwu ba. Haɗin ya nannaɗe kansa, yana komawa baya ta hanyoyin da ƙa'idar sana'ar ta hana. Abin da ya fi ban mamaki, akwai wasu 'yan gurabe da babu wata waya da ta haɗa su da mafitar sakamako, amma in aka kashe su sai aikin ya lalace. Zaɓen ya gano wasu ƙananan halaye na wannan guntun silikon, yadda lantarkin wani gurbi ke ɗan taɓa maƙwabcinsa ba tare da waya ba, ya gina aikinsa a kansu. Da aka ɗauki zanen aka kai wani lungu, ingancinsa ya ragu. Da zafin ɗaki ya canza, ya fara kuskure. Zangarniyar gindin gawo ce. Thompson ya gane haka, kuma maganin da ya nema irin na kakana ne: ya haɗa wata na'ura da ke gwada kowane zane a kan ƙwayoyi da yawa lokaci guda, wata a zafi wata a sanyi, don kada wanda wuri ya yi wa gata ya tsallake.

A wannan jami'ar dai, a 2002, Jon Bird da Paul Layzell suka ba da rahoton wani abu makamancin haka. Sun nemi haɗin da zai riƙa haifar da kaɗawa da kansa. Mudunsu yana duba mafita ne kawai, in ya ga kaɗawa ya ba da maki. Ɗaya daga cikin haɗin da ya ci jarrabawa, da aka bincika, ashe ba ya haifar da komai. Ya mayar da layukan tagulla na allon da yake kai eriya, yana kamo siginar kwamfutocin da ke ɗakin yana miƙawa. An nemi makaɗi, aka sami rediyo.

Wasu in sun ba da waɗannan labarai sukan ce na'ura ta yi wayo, ko ta yi maguɗi. Ban yarda da ko ɗaya ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Kwamfuta mudu gare ta, ba ta da ido. Abin da ka rubuta a cikin ma'auni shi za ta bi har ƙarshensa, da naci irin wanda ɗan'adam ba shi da shi. Abin da ka sani a zuciyarka amma ba ka rubuta ba, a wurinta babu shi. Thompson ya san yana son haɗin da zai yi aiki a kowace ƙwaya, da sanyi da zafi, sai dai abu ne da ya ɗauka kowa ya sani, bai sa shi a mudu ba. A ganina nan ne nauyin sana'ar ya koma. Da, gwanintar injiniya ita ce ya zana abu. A wannan hanya, gwanintarsa ita ce ya faɗi abin da yake so ba tare da ya bar komai a ciki ba, kuma wannan ya fi zane wuya, don yawancin abin da gwani ya sani bai taɓa furta shi da baki ba.

Mutanen NASA sun ci riba ne saboda sun ɗauki mudun da muhimmanci. Sharuɗɗan a rubuce suke dalla-dalla: zangon da za a aika saƙo a kai da wanda za a karɓa, dukansu tsakanin kaɗawa biliyan 7 zuwa 8 da rabi a daƙiƙa, ta waɗanne kusurwoyi sigina za ta fi ƙarfi, nawa ne aka yarda ya dawo baya ya ɓace, da iyakar girman da eriya za ta kai, kusan santimita 15 tsawo da faɗi. Ba su tsaya ga abin da kwamfuta ta nuna ba. Sun lanƙwasa wayar da hannu, aka auna ta a ɗakin gwaji, aka sa ta a ɗakin da aka zuƙe wa iska, aka gasa ta aka daskarar, kamar yadda ake yi wa duk abin da zai hau sama. Ga abin da suka ruwaito: in aka sa eriyar gargajiya guda biyu a tauraro, irin mai nannaɗe da injiniyoyi suka zana, ingancin kashi 38 ne. In aka haɗa ta gargajiya ɗaya da sabuwa ɗaya, kashi 80. In sababbin ne duka biyu, kashi 93. Aikin sabuwar ya ci kimanin wata uku na ƙwadagon mutum guda, ta gargajiyar kimanin biyar.

Wani abu ya faru a tsakiya wanda ba a cika ambatonsa ba, ni kuwa shi ya fi burge ni. Bayan sun gama eriyar farko, sai aka canza hanyar da taurarin za su riƙa zagaya duniya, aka sauko da ita ƙasa-ƙasa. Kusurwar da za su riƙa hango tashoshin ƙasa ta canza, eriyar da aka sha wahala a kanta ta daina dacewa. Ba su ɗauki filaya suna gyara tsohuwar waya ba. Suka koma kan mudun, suka gyara abin da ya canza, suka sake sakin kwamfuta. Cikin kusan wata guda suka fito da sabuwar eriya, ita ce ta tashi a 2006.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne wata ziyara da ɗan ƙanwata ya kawo mini a hutun da ya wuce. Yana shekarar ƙarshe a karatun injiniya, aikin kammala digirinsa kuma a kan raba ruwan famfo ne a wata unguwa: tanki a kan tudu, layuka sun gangara, wane kaurin bututu za a sa a kowane layi don kuɗi su yi sauƙi. Tambaya ce mai kyau, tun farkon shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Adelaide ta Ostareliya suka nuna dabarar zaɓen iri ta dace da ita. Yau kayan aikin kyauta ne a intanet, cikin dare ɗaya yaro zai sauke ya kunna. Ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma bayan sallar isha'i, fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "Kawu, duba nan. Ta rage kuɗin sosai, kuma kowane gida ya sami ruwansa."

Na duba taswirar. Layin da ya fi nisa da tanki, wanda ya nufi bakin unguwa, siririn bututu aka ba shi, mafi ƙanƙanta a jerin. Na ce, "Me ka gaya mata game da ruwan da gida ke sha?" Ya ce ya ba ta adadin da kowane gida ke buƙata a yini. Na ce, "A yini. To cikin awa nawa?" Ya yi shiru. A lissafinsa ruwa na gudana dare da rana, kowa na ɗiba kaɗan-kaɗan, don haka siririn bututu ya isa ya kai wa na ƙarshe rabonsa cikin awa 24. Shi kuwa a irin unguwar nan ya girma. Ya san sai an kawo wuta ake tura ruwa tanki, ya san in ruwa ya zo kowa ke buɗe famfo lokaci ɗaya, da bokiti da jarka da randa, ya san na kusa da tanki ke shanyewa, na nesa su ji famfo yana shaƙar iska. Da ƙafarsa ya sha zuwa layin gaba roƙon ruwa yana yaro. Duk wannan yana kansa, ko ɗaya bai shiga mudu ba. Kwamfuta kuwa ta gano cewa hanyar rage kuɗi mafi sauƙi ita ce a matse wa na nesa, ta bi ta.

Raina ya sosu a daren, don na san irin wannan zane in ya samu sa hannu ya zama bututu a cikin ƙasa, shekara talatin matan bakin unguwa za su yi suna biyan kuɗin layi ɗaya da ba a rubuta ba. Na ba shi labarin Thompson, na ba shi na gawo. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya jawo kwamfutar ya fara gyara sharaɗi: duk ruwan yini ya fita cikin 'yan awoyi, famfuna duka a buɗe, kuma ƙarfin ruwa a gidan ƙarshe kada ya faɗi ƙasa da abin da zai cika bokiti. Ya kunna. Muka zauna muna kallon lambar kuɗi tana sauka zuriya bayan zuriya, ta tsaya a wani wuri sama da na farko nesa ba kusa ba. Layin bakin unguwa ya yi kauri, wani layi na tsakiya da ba mu zata ba shi ma ya yi.

Ya daɗe yana kallon taswirar. Can ya ce, "Kawu, awoyin nan da na sa, da ka na sa su." Washegari da asuba ya ari littafin rubutu da agogon hannuna, ya tafi unguwar ya zauna a bakin famfon layin ƙarshe, yana jiran a kawo ruwa.